Dillalin Kwamfuta Ya Kwashe Tsofaffi

Litinin, bayan rufe shago

Uwar yara ce ta sayo mini wannan littafin, wai in riƙa zuba masa abin da ke damuna in bar kunnenta ya huta. Babu abin da ke damuna. Amma tunda an saya, kada takarda ta tafi a banza.

Ni mai rubuta allunan shaguna ne. Ban taɓa zama a aji ba. Da buroshi na koyi baƙaƙe, ina kwaikwayon surarsu a bangon mutane tun ban san abin da suke cewa ba. Yanzu hannu ya soma rawa, sai injin yanka sitika ke yi mini aikin: a tsara rubutu a kwamfuta, injin ya ja wuƙarsa ya yanke, ni kuma in liƙa. Ɗana Dogo ne ya haɗa su biyun kafin ya tafi. Ba maganar tafiyarsa zan yi ba.

Kullum da safe wani akwati yana fitowa a fuskar kwamfutar, yana neman a sabunta ta. Dogo ya ce mini, "Baba, na hagu za ka riƙa dannawa, kada ka taɓa na dama." A shagona, da kuɗina, a ce mini kada in taɓa. Yau na danna na dama.

Rubutu ya yi ta gudu kamar tururuwa. Lokacin tashi ya yi bai gama ba. Na kashe makunnin bango kamar yadda nake yi tun kafin a haifi mai ba ni umarnin. Wuta ba ta kwana a shagona.

Talata, da safe

Baƙin allo, farin rubutu, wani ɗan layi yana ƙyafta mini ido. Shi ke nan.

Talata, da yamma

Na kira Mai Waya, maƙwabcina mai gyaran wayoyi. Ya shigo yana goge hannu da rigarsa, ya leƙa, ya ce, "Baba, me ka yi mata?"

Na ce ban yi mata komai ba.

"Ba ka kashe ta tana cikin aiki ba?"

Na ce na kashe wutar shagona, ba ita na kashe ba.

Ya yi dariya har da dafa tebur. Mutumin da na rubuta wa allonsa kyauta lokacin da ba shi da ko kujera.

Ga abin da ya bayyana mini, na rubuta don kada in manta. A cikin kwamfuta akwai abin da ake kira kanel. Shi ne zuciyarta, shi ke magana da ƙarafa. Akwai kuma wani da ake kira manajan fakiti, mai ɗauko sabbin kaya daga intanet ya jera su, ya fitar da tsofaffi. Ni dillali nake ce masa, don aikinsa ke nan. Dillalin yana tsakiyar dasa sabon kanel na ɗauke masa wuta, ya bar shi rabi a ciki rabi a waje.

Mai Waya ya riƙe wani maɓalli lokacin kunnawa, sai ga jerin kanel tsofaffi sun fito, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Ya zaɓi na can ƙasa, kwamfuta ta tashi. Injin yanka ma ya yi ƙararsa ta gaisuwa, wuƙar ta je gefe ta dawo. Na ce ka gani, tsoho ne ya tashe ta. Amma manhajar da nake tsara rubutu da ita ta ƙi buɗewa. Wai ita ma dillalin ya kwance ta bai ɗaure ba.

Alhamis, da hantsi

Mai Burodi ya zo. Ya sayi sabbin motocin rarraba kaya, ni zan yi musu rubutu a jiki, kuma ba za su hau titi ba suna fari fat. Shi ne aiki mafi girma da ya shigo shagon nan bana. Na ce masa inji yana hutawa. Ya ce, "Baba, inji ne ke hutawa ko mai injin?" Na ce ya je ya kula da tandarsa. Ya ba ni zuwa ƙarshen makon gobe.

Alhamis, da yamma

Mai Waya ya rubuta wa dillali umarnin ya ƙarasa abin da ya fara. Ya fara, ya yi nisa, sai ya tsaya da jan rubutu. An sake, ya sake tsayawa a wuri ɗaya.

Wai babu wuri. Na ce ƙarya ne, Dogo ya ce kwamfutar nan za ta ɗauki aikin shekara goma. Ya ce ba babban ɗakin ba ne ya cika. Akwai wani ƙaramin ɗaki da ake ajiye kanel kaɗai, shi ne tsofaffin suka cika maƙil, sabon bai sami inda zai sa ƙafa ba. Sai an fitar da su.

Na ce ba za a fitar da kowa ba.

"Baba, ba mutane ba ne fa."

Na ce na sani. Wanda ya ajiye su yana da dalili. Ni ban taɓa zubar da gwangwanin fenti don ya tsufa ba. Ya dubi kantar da gwangwanayena suke, ya ce ai ya ga alama.

Juma'a, da rana

Na kunna, na zaɓi na ƙasa, na zauna ina kallonta. Ita ma tana kallona.

Asabar, da safe

Uwar yara ta ajiye mini ruwan wanka ta tsaya a bakin ƙofa. In ta tsaya haka na san akwai magana.

"Malam, lambarsa fa tana wayarka."

Na ce lambar wa.

"Lambar mai gyaran famfo," in ji ta. "Wa kake zato?"

Na ce wanda ya ɗauki jakarsa da ƙafarsa ya fita, ƙafar tana nan jikinsa. Ta ce wanda ya ɗauki buroshi da hannunsa ya shafe suna a allo ma hannun yana nan jikinsa. Na ce ruwan ya yi zafi da yawa. Ta ce ita ma ta ga haka.

Ni ban ce kada ya dawo ba. Abin da na ce daban ne. Kowa ya ji abin da yake so ya ji.

Lahadi

Ban buɗe ba.

Litinin, da hantsi

Auta ta bugo daga asibitin da take aiki. Ita ce 'yata ta ƙarshe, ita kaɗai ce ke yi mini faɗa in yi shiru. Ta ce, "Baba, a goge tsofaffin nan mana, kowa haka yake yi." Na ce wa ya gaya mata maganar tsofaffi. Ta ce Mama. Na ce Mamarki ta san kanel? Sai ta ce ana kiranta a ɗakin haihuwa.

To da wa ta yi maganar? Ban tambaya ba. Ba ruwana.

Amma kafin ta kashe ta ce wani abu da sauri, wai "kada dai a taɓa na ƙasa." Ko "kada a bar na ƙasa." Hayaniya ta yi yawa a wajenta. Ban sake kira in tambaya ba, don kada a je a ce na nemi shawarar wani.

Talata, da yamma

An yi.

Mai Waya ya rubuta umarnin shara, dillali ya jero sunayen waɗanda zai kwashe, ya tsaya yana jiran a ce masa e ko a'a. Daidai nan wata mata ta leƙo tana kiran Mai Waya, wayarta ta faɗa ruwa. Ya ce, "Baba, kada ka taɓa komai, bari in dawo in karanta su ɗaya-ɗaya."

Kada ka taɓa. Shi ma.

Na zauna. Na kalli agogo, na tuna motocin Mai Burodi. Na san harafin da ake dannawa in za a ce e, mai kama da gwafar danƙon harbin yara, na sha rubuta shi a allo. Na danna.

Da ya dawo an gama. Dillali ya share ɗakin tas, ya dasa sabon kanel, ya ɗaure duk abin da ya kwance. Aka sake kunnawa, ta tashi da kanta ba a zaɓi komai ba, har ta fi da sauri. Manhajar rubutu ta buɗe. Na ce wa Mai Waya, ka ga aikin da ka kwana bakwai kana tsoro. Ya ce to Alhamdu lillahi, amma fuskarsa ba ta ce haka ba.

Gobe da sassafe zan yanka.

Laraba, da safe

Injin bai gaishe ni ba.

Fitilarsa tana ci. Wuƙar tana tsaye inda na bar ta. Na tura rubutu, shiru. Na cire waya na mayar, na hura ramin, na canza rami. Shiru.

Laraba, da rana

Mai Waya ya daɗe yana tono, ba wasa yau, ko shayinsa bai sha ba. Can ya jingina da kujera ya ce, "Baba, injin nan naka ya tsufa ƙwarai, kamfaninsa ma ya daina kula da shi. Kanel ba ya jin yarensa. Dogo ne ya gina masa direba da hannunsa."

Na ce direban me, injin ba ya zuwa ko'ina.

Ya ce kamar tafinta ne tsakanin kanel da inji. Kuma an ɗinka shi ne daidai jikin kanel ɗaya tak, na can ƙasan nan. Shi ya sa Dogo ya saita ta kullum ta tashi da shi. Shi ya sa ya ce na hagu.

Na ce a dawo da shi.

Ya ce dillali ba ya ajiye abin da ya share. Ya leƙa rumbun da dillalin ke ɗauko kaya, wancan tsohon ba ya cikin na yanzu.

Bai ce ni na danna ba. Da ya faɗa da na sami abin cewa.

Alhamis, da yamma

Mai Waya ya samo inda Dogo ya ajiye kayan ginin tafintan. Ya sa dillali ya kawo wasu abubuwa da ake kira kawunan kanel, wai sai da su ake gini. Aka fara. Rubutu ya gudu, ya gudu, na miƙe tsaye. Sai ja. Ya gyara wani wuri, ja ya ƙaru. Ya ɗauki hoton allon ya tura wa abokansa masu gyara, kowa ya faɗi tasa. Ɗaya ya ce a sayi sabon inji. Wani ya ce a goge komai a fara daga farko. Na ce a tambaye shi ko haka yake yi wa gidansa in ƙofa ta ƙi buɗuwa.

Mai Waya ya ce, "Baba, wallahi iyakata ke nan. Ni waya na sani. Mai abin nan shi ya san inda ya ɗaure shi."

Na ce na gode. Ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, na juya ina gyara takardu.

Juma'a, da hantsi

Na sauko da burosaina. Na jiƙa su, na gauraya jan fenti, na ɗauko guntun katako. Kafin a yi injin nan wa ya rubuta rabin allunan titin nan? Ni.

Harafin farko ya fito kamar tsutsa ta bi ta kan katakon. Na riƙe hannun dama da na hagu. Na biyun ya fi na farko muni. Fenti ya ɗiga a wandona.

Na kifa katakon a bayan kanta. Ba wanda ya gani.

Juma'a, da yamma

Mai Burodi. Wannan karon bai yi wasa ba, shi ya fi ciwo. Ya ce akwai wani shago a babban titi, injinsu sabo, sun ce kwana ɗaya. Ya ce, "Baba, kai ka rubuta allon mahaifina, shi ya sa nake ta jira. Laraba zan zo. In babu, ka yafe mini."

Da zai fita ya ɗaga kai ya dubi allon shagona, wurin da na shafe sunan Dogo da farin fenti a gefen dama. Ya ce har yanzu ana ganin inuwar rubutun ta ƙarƙashi in rana ta haska. Na ce fentin zamani ne ba shi da kauri.

Asabar

Na kunna. Na kashe.

Lahadi, da rana

Uwar yara ta kawo mini abinci. Ta sa wayata a caji, ta kawo ta ajiye kusa da kwanona, fuskarta sama. Na juya ta ƙasa. Da na dawo daga wanke hannu na tarar da ita sama.

Shekara nawa na yi ina koya wa Dogo riƙe buroshi? Ya zo da injinsa ya ce Baba ka huta. Ka huta. A gaban mutane ya gyara mini magana, a gaban mai kawo sitika, yana cewa Baba bai gane ba ne. To ban gane ba. Ga shi yau ma ban gane ba. Sai a zo a yi dariya.

Ni dai abin da na ce a bakin ƙofa ban ce don ya tafi ba.

Litinin, da safe

Na danna lambar, na kashe kafin ta shiga.

Litinin, da yamma

Shi ya kira. Wai ya ga alamar kira. Ashe ko ba ta shiga ba tana nunawa. Duk kayan zamani munafukai ne.

"Baba, ina wuni."

Na ce lafiya. Na ce ba wani abu ba ne, injin ne.

"Na sani. Kana gaban kwamfutar?"

Bai ce na gaya maka ba. Na shirya amsar tun da safe, bai ba ni wurin sa ta ba.

Ya ce tsohon kanel ɗin yana nan a wani tsohon rumbu, sai an nuna wa manajan fakiti hanya. Zai faɗa mini harafi-harafi in rubuta. Na ce a kira Mai Waya. Ya ce a'a, ni yake so in rubuta. Sunayen baƙaƙen da yake faɗa ba duka nake kamawa ba ta waya, na yi ta kuskure, na soma zafi. Sai ya ce, "Baba, mai kama da ƙugiyar mahauta. Yanzu mai ciki a gaba. Bar fili. Sanda a kwance."

Haka na koya masa su, yana tsaye a kan bokiti don ya kai tebur. Ban san yana riƙe da su ba.

Mun kai har rana ta faɗi. Dillali ya ce bai san wannan rumbun ba, bai yarda da shi ba. Dogo ya ce akwai mabuɗin shaida da za a ba shi, gobe zai nemo. Ya ce, "Kada ka kashe bango sai ta mutu da kanta." Na ce na ji. Na ji ɗin.

Talata, da yamma

Ya kira kafin in gama buɗe ƙofa, sannan ya sake kira da ya tashi daga aiki. Ƙugiya, mai ciki, fili, sanda. Dillali ya karɓi mabuɗin. Ya ɗauko tsohon kanel da kawunansa ya ajiye a ƙaramin ɗakin, ga wuri yanzu har ya yi yawa. Muka gina tafinta. Ina karanta masa abin da ke wucewa yana cewa ci gaba. Babu ja ko ɗaya. Ya sa na rubuta wani umarni da zai hana dillali sake taɓa wannan kanel ɗin. Tsakanin jira ya tambayi gwiwata. Na tambayi ko ɗakin da yake haya yana da taga. Ya ce ƙarama. Ya ce mai gidan yana da allo a ƙofa, rubutun duk a karkace, kullum in ya wuce sai ya tuna abin da zan ce.

Ya ce, "To Baba, sake kunnawa. In ya yi, shi ke nan, an gama, ba sai na ƙara damunka ba."

Na sake kunnawa.

Wuƙar ta je gefe.

Hannuna yana kusa da makunnin injin. Na injin kaɗai, ba na bango ba, wannan kam na koya. Na kashe shi.

"Baba, kamar na ji ƙara."

Na ce babur ne ya wuce.

"Bai tashi ba?"

Na ce shiru yake.

Na duba ko wayar ta mutu. Can ya ce, "Abin mamaki. To wannan ba na waya ba ne. Sai na gani da idona. Zan nemi izini a wurin aiki, in shigo motar safe."

Na ce yadda ya gani. In yana da lokaci.

Aikin Mai Burodi yana nan a tsare a kwamfuta, sitika tana kan inji. Da na so da yanzu na yanke rabi. Amma in na yanka zai ga ɓawon a kwandon shara, yaron nan ba abin da ke wuce masa. Mai Burodi kuma gobe ne. Ban san wanda zai riga wani isowa ba.

Uwar yara ta tambaye ni ya injin. Na ce yana nan yadda yake. Ta dube ni, ta dube ni, ta tashi ta shiga ɗakin Dogo da tsintsiya.

Laraba, da sassafe

Na share shago. Na fito da kujera ta biyu daga bayan kanta. Na jingina tsani a ƙarƙashin allon, na ajiye jan fenti da ƙaramin buroshi a gindinsa. Ni hannuna ba zai iya ba.

Motar safe ba ta iso ba tukuna.